Umma, Ranar da Na Je Kamfanin Fata Neman Mijin Rabi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Ladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya sa kuna cikin rahamarsa, ya yalwata makwancinku, ya haskaka shi. Mu nan duk muna lafiya. Yaya Sani yana nan Dorayi da iyalinsa. Maigidana, Abban Walida, bai fasa sa ku a addu'a ba. Walida kuma ta shiga firamare, kullum sai an yi rigima da ita kafin ta yarda a ɗaura mata ɗankwali.

Na fara da "ku" kamar yadda aka koya mana rubuta wasiƙa a makaranta, amma bakina bai saba ba. Tun ina ƙarama "ke" nake ce miki, Umma, ba ki taɓa hana ni ba. Bari in ci gaba a haka.

Na sa wasiƙar nan a inda mutane za su karanta. Na san ba kya son a riƙa baza maganar gida a waje, ki yi haƙuri. Na canja sunayen mutanen da ke ciki, kuma na nemi yardarsu.

Har yanzu ina asibitin nan na Sharada, kuma har yanzu ina cikin masu fita ƙauye. Anti Mairo ungozoma ce shugabarmu, wadda kika ce tana tafiya kamar an biyo ta. Malam Sabo ne direbanmu, da motar nan da sai an tura ta idan ta sha sanyi. Mukan ɗauki akwatin sanyi na allurar rigakafi, da sikeli, da abin awon jini, da gidan sauro, da ɗan maganin da aka ba mu. Mu ratsa ta Sharada a daidai lokacin da a-daidaita-sahu ke ta sauke ma'aikata, mu bi ta Challawa kowa ya toshe hanci saboda warin kamfanonin fata, daga nan kwalta ta ƙare, sai burji.

Yawancin aikin ba abin ba da labari ba ne. Awon ciki, rigakafin yara, zazzaɓi, gudawa. Da 'yan lambu masu ƙaiƙayin ƙafa, waɗanda suke wuni tsaye a cikin ruwan da ya biyo ta bayan kamfanoni, wata rana baƙi, wata rana ja. Idan azahar ta yi mu sami gindin mangwaro, Malam Sabo ya sauko da jarka mu yi alwala, mu shimfiɗa zani mu yi salla, mu ci abin da muka ƙunso. Gidajen da muke shiga ba a barin namiji baƙo ya wuce zaure, shi ya sa aikin ya zama namu mu mata.

Lokacin da na fara fitan nan ba ki so ba. Kin ce mace da aure tana yawon ƙauyuka, me mutane za su ce. Da kika ga ba zan bari ba, sai kika koma ba ni dabara. Kika ce, "Idan kin shiga gidan mutane, kada ki buɗe jakarki sai kin durƙusa kin gai da tsohuwar gidan." Ban taɓa karya wannan ba.

Akwai kuma wata magana da kike yi lokacin da kike sayar da garau-garau a bakin kamfanin roba. Ina taya ki zuba mai da yaji, leburori sun yi layi da kwanukansu, sai ki ce da ni a hankali, "Duk namijin da kika gani a layin nan, akwai gidan da ya baro a ƙauye babu kowa sai mata da tsofaffi." A lokacin na ɗauka tausayinsu kawai kike ji. Daminar da ta wuce na shiga ɗaya daga cikin gidajen.

Wani ƙauye ne a bayan Challawa, tsallaken rafi. An kwana biyu ana ruwa, rafin ya kawo, mota ba za ta iya haurawa ba. Malam Sabo ya faka a bakin gaɓa, ni da Anti Mairo muka naɗe zani, muka ɗora kaya a ka muka tsallaka. A zauren mai unguwa muka baje. Mata suna ta zuwa, sai wata ta ce akwai mai ciki a gidan can na ƙarshe, ba ta iya fitowa ba, kanta ke ciwo.

Na je. Na tarar da tsohuwa tana bakace a tsakar gida, na durƙusa na gaishe ta. Iya ake ce mata. Ta nuna mini ɗakin surukarta, Rabi, matar ɗanta Isuhu.

Rabi tana kwance a kan tabarma ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Fuskarta ta kumbura har idanun sun ƙanƙance, zoben hannunta ya nutse a cikin yatsa. Cikinta bai kai watan haihuwa ba. Ta ce tun jiya take ganin wasu abubuwa suna ƙyalli a idonta, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Na ɗaura mata abin awo. Da na ga inda ya tsaya sai na kwance na ɗaura a ɗaya hannun, ko na'urar ce ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Na aika a kira Anti Mairo.

Umma, abin da ake kira jijjigar masu ciki ke nan yake tahowa. Jini ya hau, ya hau, sai mace ta fara fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, daga nan ana iya rasa ta, a rasa abin da ke cikinta. A ƙauye sukan ce iska ce, a kawo hayaƙi. Muna da allurar da take tare abin na ɗan lokaci, Anti Mairo ta yi mata nan take. Amma maganin gaskiya shi ne a kai ta babban asibiti a raba ta da cikin, kuma a ranar.

Anti Mairo ta yi wa Rabi bayani dalla-dalla. Rabi ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Maigidan ba ya nan. Ban tambaye shi ba."

Muka koma wajen Iya. Ba ta yi mana faɗa ba, ba ta ce ƙarya muke yi ba. Ta ajiye faifan hannunta ta ce 'yarta ta fari a hanyar asibiti ta rasu, a kan naƙuda, kuma ita ce ta ce a ɗauke ta, har yau mijin bai sake taka gidan nan ba. Ta ce, "Ba zan hana ba, ba kuma zan ce a tafi ba. Matar mutum ce. Ku nemo yaron nan."

Mahaifin Isuhu ya rasu. Wansa yana Kudu. Iyayen Rabi suna can Jigawa. Mai unguwa ya ce shi ba zai yanke hukunci a gidan wani ba alhali mai gidan yana raye, yana nan kusa. Aka kira wayar Isuhu, aka sake kira, tana ta ringi ba a ɗauka. Wani ya ce ai kamfanin fatar da yake aiki a bakin ƙofa ake karɓe wayoyi, sai an tashi da yamma a ba kowa tasa.

Anti Mairo ta kalli Rabi, ta kalle ni. Ta ce ita ba za ta matsa daga nan ba. Idan aka tura ɗan ƙauye, maigadi ba zai ko saurare shi ba. Ni ce mai fararen kaya da katin aiki a wuya.

Ƙanen mai unguwa yana da babur a tsallaken rafi. Na sake shiga ruwan, na gaya wa Malam Sabo ya juya mota ya nemi masu amalanke su zama cikin shiri. Sannan na hau bayan babur ɗin mutumin da ban sani ba, na sa jakata a tsakaninmu. Na san da kina nan da sai kin yi magana. Taɓo ya yi mini fenti har gwiwa. Duk hanya ba abin da nake yi sai salati, ina lissafin yadda allurar nan take sakin mutum.

Ƙofar kamfanin baƙin ƙarfe ce, da 'yar taga. Maigadin wani dattijo ne mutumin Nijar, da rawani. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ba a kiran ma'aikaci daga kan aiki, doka ce, shi ma aikinsa yake tsaro. Na nuna kati, ya ce ya gani. Ban san lokacin da na ce masa ni 'yar Hajiya Ladi mai garau-garau ta Sharada ce ba, ina tsammanin duk wanda ya yi aiki a yankin nan ya ci abincinki. Ya ce, "Ban san ta ba. Tana raye?" Na ce ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta. Sai ya tambaye ni, tsakani da Allah, matar nan za ta iya mutuwa kafin la'asar? Na ce za ta iya. Ya rufe tagar. Na ɗauka shi ke nan, sai na ji takunsa yana yin ciki.

Isuhu ya fito da takalmin roba har gwiwa da safar hannu, jikinsa duk ruwan jima. Dogo ne siriri, bai kai yadda na zata a shekaru ba. A bayansa akwai mai kula da leburori. Wannan bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya hana kowa tafiya, amma Isuhu ɗan aikin yini ne, injin ba zai tsaya ba, ga mutane can a gindin katanga tun safe suna jiran gurbi. Idan ya fita, wani zai shiga. Na waiwaya, da gaske suna nan zaune, sun zuba mana ido.

Na gaya wa Isuhu ba sai ya bar aiki ba. Ya karɓi wayata ya yi magana da Iya da Rabi ta wayar Anti Mairo, ya ce a tafi, shi ke nan. Ya karɓa. Na ji yana cewa, "Iya, ku bari su kai ta. Ni na ce." Ya saurara. Ban ji abin da aka faɗa masa ba, na dai ga fuskarsa ta canja. Ya miƙo mini wayar. Anti Mairo ce, ta ce Rabi ta fara jijjiga, ta samu ta lafa, yanzu za su ɗauko ta.

Isuhu ya tsaya kamar wanda aka dasa. Ya dubi ƙofar, ya dubi mutanen gindin katanga. Ba ni da bakin matsa masa, Umma. Ni albashina yana tafiya ko na tsaya ko na tafi. Can sai ya sunkuya ya tuɓe takalman, ya jera su a gaban mai kula da leburorin, ya ɗora safar a kai, ya karɓi wayarsa da silifas wajen maigadi. Kafin mu hau babur har an kira wani daga gindin katanga yana gwada takalman.

A kan burji muka haɗu da motar. Maza sun haura da Rabi a kan ƙyauren ɗaki, amalanke ya kawo ta bakin mota. Iya tana ciki, ta ɗora kan Rabi a cinyarta, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Malam Sabo ya kunna fitilu yana ta hon, ya ratsa tsakanin tireloli a hanyar Challawa yadda ban taɓa ganin ya yi tuƙi ba. Motar da sai an tura, ranar ko tari ba ta yi ba.

An yi mata tiyata kafin magariba. Rabi ta rayu.

Yaron namiji ne, bakwaini, an sa shi a kwalba. Isuhu ya yi masa huɗuba ta bayan gilashi. Bai kai ranar suna ba, Allah ya karɓi abinsa.

Na yi ta jan ƙafa kafin in je gaisuwa. Mun ɗauko mace daga ɗakinta, an yanka ta, ɗan bai zauna ba, mijin ya rasa aiki. Na san yadda ake ba da irin wannan labarin a ƙauye, kuma na san idan ya tafi a haka, ba mu ba sake shiga gidajen tsallaken rafin nan. Anti Mairo ta ce ko me za su ce, zuwa dole ne.

Muka je bayan an sallamo Rabi. Gidan cike da mata. Na durƙusa gaban Iya na yi mata gaisuwa, ina jiran abin da zai biyo baya. Ta riƙe hannuna ba ta saki ba, ta juya wajen matan ta ce, "Ku gan ta nan. Ita ce ta shiga ruwa ta je har kamfani. Da ba su zo ba, biyu za mu binne." Daga nan ta sa aka kawo mana fura. Rabi tana zaune a bakin ƙofa, kumburin ya saɓe, sai a ranar na ga ainihin fuskarta. Ta tambaye ni ko za ta sake haihuwa. Na ce in sha Allahu, amma ta huta tukuna, kuma wannan karon da awo tun daga farko.

Isuhu ya rako mu har bakin rafi. Yanzu dako yake yi a Dakata, yana sauke buhuna daga manyan motoci, wata rana a samu, wata rana a dawo haka. Bai yi mana ƙorafi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku kuna zuwa ƙauye neman masu gida, mu kuwa muna bakin kamfani. Ku zo can mana."

Maganarsa muka bi. Anti Mairo ta kai wa shugabannin asibiti, aka yi ta kai da komo, daga baya aka yarda. Yanzu kafin mu fita wani yanki, sai mun fara zuwa ƙofofin kamfanoni lokacin canjin aiki, yau Sharada, gobe Challawa, wani makon har Bompai. Mu kafa tebur kusa da masu abinci, mu auna wa ma'aikata jini kyauta. Namiji idan hannunsa yana cikin abin awo ba shi da inda za shi, dole ya saurare ka. Sai in tambaye shi garinsu, da ko iyalinsa tana da juna biyu. In gaya masa alamomin: kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, zubar jini. In roƙe shi abu ɗaya, idan ya je gida ya faɗa wa matarsa da mahaifiyarsa, a gaban juna, cewa ko ba ya nan, in ma'aikatan lafiya sun ce a tafi asibiti, ya yarda a tafi.

Wasu suna dariya. Wani ya ce mini shi matarsa ko Makka za a kai ta sai ya sa hannu. Wasu kuma su ce a sake maimaita musu alamomin. Ban san nawa ne suke isar da saƙon ba, ba ni da hanyar sani.

Amma kwanakin baya, a wani ƙauye ta wajen Madobi, mun sami mai ciki tana zubar da jini. Na durƙusa gaban surukarta ina shirya dogon bayani a raina, ina tunanin wane kamfani kuma zan nufa yau. Ban kai ƙarshen gaisuwa ba ta katse ni. Ta ce, "Mijinta ya bar sallahu. Ku ɗauke ta." Har ta riga ta ɗaure kayan a zani.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na zauna rubutun nan.

Umma, ina da ciki. Ya fara fitowa, har Anti Mairo ta hana ni hawa babur da shiga rafi, ta ce nan gaba kaɗan ma tebur ɗin bakin kamfani kawai za ta bar mini. Kullum da safe ina auna jinina, lafiya lau yake, kada ki damu. Abin da yake damuna daban ne. Lokacin haihuwar Walida ke kika zo kika tare a gidana. Ke kike tashi ki hura wuta, ki yi mini wankan jego da ruwan da har yau idan na tuna sai fatata ta yi yar, ina ihu kina cewa in yi shiru maƙwabta na ji. Wannan karon na rasa wanda zan kira. Matar Yaya Sani tana da nata ƙananan. Rannan ina ninke kayan jarirai na Walida da kika ajiye mini a akwati, sai na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ke.

Makon jiya mun koma tsallaken rafi yin rigakafi, ruwan ya janye, mota ta haura da mu. Iya ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta ja ni gefe ta tambaye ni wa zai zauna da ni idan na sauka. Na ce mahaifiyata ta rasu. Sai ta ce, "To ni zan zo. Ki aiko direban nan naku ya ɗauke ni. Ina da itace, ina da ganyen darbejiya, kunun kanwa kuwa duk garin nan ba wadda ta fi ni."

Ni da nake yawo ƙauye-ƙauye ina hana mata wanka da tafasasshen ruwa, ina hana su cika kanwa a kunu. Na buɗe baki zan fara wa'azin da na saba, sai na ga yadda take kallona, na kasa. Na ce mata ta zo, ɗakin da kika zauna, Umma, yana nan, gadonki ma ba a taɓa shi ba. Amma ni zan sirka ruwan da hannuna. Ta ce za mu gani.

Allah ya jiƙanki, Umma. Allah ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna, ya saka miki da alheri kan duk cikin da kika ƙosar da duk wahalar da kika sha a kanmu. Allah ya ba Rabi mai albarka, ya buɗa wa Isuhu, ya sauki duk mai ciki lafiya, har da ni. Ya haɗa mu da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

Taki har kullum,
Hadiza
Sharada, Kano